Igwa ce ta ci amanar ƙananan kuruzan Jamus, ko kwal?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum 'yan zaure. Ga wata magana a baje ta a faifai. Duk mai bin tarihin yaƙin duniya na farko a teku ya san ƙananan jiragen yaƙin Jamus ɗin nan da ake kira kuruza: Emden, Königsberg, Karlsruhe, Dresden, Leipzig, Nürnberg. Yaƙi ya ɓarke a Agustan 1914 suna warwatse a tekunan duniya, kafin shekara ta zagayo babu ko ɗaya daga cikinsu a kan ruwa. Ni dai a ganina tun a takardar zane aka kashe su. An ɗora musu igwa mai bakin santimita 10.5, harsashinta bai wuce kilo 17 ba, alhali takwarorinsu na Ingila na ɗauke da mai inci 6, harsashi kilo 45. Ta ina za a haɗa? Wanda yake da ja, ga fili ga mai doki.

Sarkin Gardama: Wa alaikumus salam. Yau dai ba ni da ja da kai. Ka duba ranar 9 ga Nuwamban 1914 a tsibiran Kokos. Emden ne ma ya fara buɗe wuta, kuma ya sami Sydney, jirgin yaƙin Ostareliya, tun a harbin farko-farko, har ya lalata masa na'urar auna nisa. Me ya biyo baya? Kyaftin Glossop na Sydney ya ja baya, ya tsaya inda yake so, ya yi ta luguden manyan harsasai har sai da von Müller, kyaftin ɗin Emden, ya kai jirginsa ya kafe a kan duwatsun Keeling ta Arewa. Sydney ya rasa mutum 4, Emden sama da 130. Magana ta ƙare.

Baba Injiniya: Yara, ba ta ƙare ba. Kun tsaya kallon bakin igwa kun manta da cikin jirgi. Ni aikin tukunyar tururi na yi har na yi ritaya, don haka idan na ga hoton jirgin wancan zamani ba igwa nake fara dubawa ba, bututun hayaƙi nake kallo, ina tambayar kaina me yake ci, ina kuma zai samo shi.

Emden tukwane 12 gare shi. In an cika rumbunansa maƙil, tan 790 na kwal yake ɗauka. Wannan zai kai shi kusan kilomita 7,000, amma fa sai in tafiyar hawainiya zai yi, wajen kilomita 22 a awa. Da zarar kyaftin ya ce a ƙara wuta a kai kilomita 44 a awa, kwal ɗin nan narkewa yake yi kamar ba a zuba ba. To daga ina za a ƙaro? Ingila na da ma'ajiyar kwal a Adan, Kolombo, Singafo, Kef Taun, Firitaun, duk inda ka juya. Jamus tasha guda tak take da ita ta kirki a waje, Tsingtao a ƙasar Sin, ita ma Japan ta ƙwace ta ranar 7 ga Nuwamban 1914. Tashar 'yan ba-ruwanmu kuwa, dokar Hague ta 1907 ta ce awa 24 kawai za ka yi, kuma in ka sha kwal a ƙasa ba ka sake sha a cikinta sai bayan wata 3.

Shi ya sa von Müller yake yawo da jiragen dakon kwal a gindinsa, Markomannia da farko, daga baya Buresk da ya kama cike da kwal ɗin Wales mai kyau. Kuma ku san ɗaukar kwal a tsakiyar teku ba wasa ba ne. A ɗaure jirage biyu gefe da gefe, igiyar ruwa na gwara su, ƙarfe na lanƙwashewa. A cika buhu da shebur a cikin rami mai zafi, a ɗago, a juye, a mayar. Ƙura ta shiga ido, ta shiga abinci, ta shiga gadon kwana. Hafsa da kurtu kowa baƙi ƙirin. A wannan lokacin ko kwalekwale ne ya zo da bindiga sai ya yi maka illa.

Ɗan Fagge: Allah ya ƙara girma Baba, mun ji. Amma ai ba ƙarewar kwal ce ta kai Emden kan duwatsu ba. Harsashi ne.

Baba Injiniya: Ɗana, me ya ba Glossop damar zaɓen inda zai tsaya? Gudu. Sydney sabo ne, mai injin tarbin. Emden shi ne na ƙarshe cikin kuruzan Jamus da aka sa wa tsohon inji mai fistin, kuma ya yi wata 3 yana yawo ba a taɓa shigar da shi tashar gyara ba. A Diyego Gasiya sai karkata shi suka yi gefe guda, matuƙa suka kankare katantanwa da gansakuka daga cikinsa da hannu. Mutanen tsibirin ma ba su san ana yaƙi ba, har tarbar su suka yi da kyau. Jirgin da ake yi wa irin wannan gyaran na jeka-na-yi-ka ba zai tsere wa kowa ba.

Malamar Tarihi: Salamu alaikum. Baba da Ɗan Fagge, ni ina ganin kowannenku ya kama ƙafa guda ne ta abu ɗaya. A koma baya kaɗan a ga dalilin da ya sa aka ƙera su haka.

Dokokin rundunar ruwa na 1898 da 1900 da Tirpitz, sakataren harkokin sojan ruwa, ya tura ta majalisar Jamus, zuciyarsu manyan jiragen yaƙi ne da za su fuskanci Ingila a Tekun Arewa. Can kuɗin ya tafi. Ingila mai aljihu tana iya ƙera ƙananan jiragen leƙen asiri daban domin rakiyar runduna, ta kuma ƙera wasu manya daban domin tsaron hanyoyin kasuwanci. Jamus ba ta da wannan sukunin. Sai aka ce jirgi guda ya yi duka biyun: yau yana gaban runduna yana leƙe yana korar jiragen tofido, gobe an tura shi Darussalam ko Tsingtao ya yi shekara biyu yana nuna tuta. Taura biyu ba ta taunuwa.

Domin aikin farko, igwa 10.5 ba ta da laifi ko kaɗan. Tana da sauri, ƙwararru na iya harba kusan 15 a minti, kuma mutum ɗaya na ɗaga harsashin ba tare da ya galabaita ba. In abokin karonka ƙaramin jirgin tofido ne mara sulke da ke zuwa a guje, yawan harbi kake so, ba nauyi ba. Tun daga ajin Gazelle na ƙarshen shekarun 1890, zuwa Bremen, zuwa Königsberg da Dresden, guda 10 ake sawa. Daga Kolberg aka mayar 12. Girman jiki na ƙaruwa, gudu na ƙaruwa, a ajin Magdeburg har aka fara sa ɗamarar sulke ta milimita 60 a layin ruwa, amma bakin igwa yana nan inda yake. Nan ne nake ganin laifinsu, domin tun wajen 1911 Ingila ta fito da ajin Weymouth mai inci 6 guda 8, kowa ya gani, ba a ɓoye aka yi ba.

Sarkin Gardama: Yauwa Malama, kin dawo hanya. Kuma su da kansu sun amsa. Wiesbaden da Frankfurt da aka gama a 1915 santimita 15 aka sa musu guda 8. Pillau da Elbing, waɗanda Rasha ta ba da kwangilarsu a Danzig Jamus ta riƙe da yaƙi ya tashi, su ma 15. Sannan aka bi tsofaffin irin su Strassburg, Stralsund, Graudenz da Regensburg aka ciccire ƙananan aka musanya. In babu ciwo me ya kawo magani?

Malamar Tarihi: Ban dawo hanyarka ba, Malam. Waɗanda ka lissafa duk a gida suka yi yaƙinsu, inda kwal ke jiran su a Wilhelmshaven da Kiel. A can maganarka na da ƙarfi, musamman bayan 28 ga Agustan 1914 da aka nutsar da Mainz, Cöln da Ariadne a mashigin Heligoland. Ko da yake a ranar ma manyan jiragen Admiral Beatty na Ingila ne suka faɗo wa Cöln da Ariadne da igwa mai inci 13.5, ko mai santimita 15 gare su ba abin da zai sauya. Tambayar Ɗan Fagge kuwa a kan na waje take.

Ɗan Damagaram: Gaisuwa ga manya. Ni ɗan kallo ne amma bari in jefa tawa. A lissafa su ɗaya-ɗaya mana. Karlsruhe babu wanda ya harbe shi. Ya kama jiragen kasuwa 16 ko fiye a gaɓar Barazil, sannan ranar 4 ga Nuwamban 1914 yana hanyar Babados wani abu ya fashe daga cikinsa ya raba shi biyu, har da kyaftin Köhler a cikin mamatan. Ingilishi suka yi ta neman jirgin da ke ƙarƙashin teku har watan Maris na 1915. Wannan ba igwa, ba kwal.

Baba Injiniya: Madalla da ɗan Damagaram. Ci gaba da lissafin, ka zo kan Nürnberg.

Ɗan Damagaram: Baba ai wannan naka ne, na bar maka.

Baba Injiniya: To. 8 ga Disamban 1914, tsibiran Falkland. Spee, kwamandan ayarin jiragen Jamus, ya ga an rutsa shi, ya ce wa ƙananan su gudu. Kent na Ingila ya bi Nürnberg. A takarda Nürnberg ya fi shi gudu, Kent tsoho ne mai nauyi. Amma Nürnberg ya ratso tekun Fasifik gaba ɗaya ba gyara. Su kuwa 'yan wutar Kent, da kwal ya yi musu ƙaranci, kujeru, tsani, akwatuna, katakon kwalekwale, duk abin da zai ci wuta sun faskara sun cusa a tanderu, har jirgin ya wuce gudun da aka ƙera shi da shi. Nürnberg ya matsa wa tukwanensa, biyu suka fashe. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tukunyar da aka daɗe ba a wanke bututunta ba ya san yadda abin yake: dattin ruwa ya daskare a ciki, zafi ba ya ratsawa, ƙarfe ya yi ja, allurar ma'auni na rawa, kai kuma ana yi maka ihu daga sama ka ƙara wuta. Mutum 7 suka tsira a jirgin nan.

Sarkin Gardama: Da ya cim masa da me ya kashe shi, Baba? Da kujerun?

Baba Injiniya: Kai dai ba ka rasa ta cewa. Aikin kuruza mai farautar jiragen kasuwa ba faɗa ba ne. Ranar da ya tsaya musayar wuta da jirgin yaƙi, ko shi ya yi nasara, ya riga ya faɗi, don ramin da aka huda masa babu inda zai liƙe shi. Babbar igwa ma nauyi za ta ƙara masa, a rage kwal.

Ɗan Zongo: Ina gaida kowa daga Kumasi. Akwai abu na uku da ba a taɓo ba, wato sadarwa. Nan kusa da mu a Togo, Jamusawa sun gina babbar tashar waya maras igiya a Kamina, kusa da Atakpame, wadda ke haɗa Balin da jiragensu na tekun Atlantika. Tun a watan Agustan 1914 sojojin Gwalkwas da na Faransa suka nufe ta, Jamusawa suka rusa ta da hannunsu kafin su miƙa wuya. Ingila kuma ta yanke wayoyin Jamus na ƙarƙashin teku tun a daren farko. Jiragen nan sun koma kurame. Shi kansa Emden me ya kai shi Kokos? Zuwa ya yi ya lalata tashar waya ta Ingilishi, ma'aikatan suka riga shi aika saƙon cewa ga baƙon jirgi, Sydney kuwa na kusa yana rakiyar ayarin sojan Ostareliya da Niyu Zilan.

Malamar Tarihi: Wannan gaskiya ne, kuma ka tuna min da kuruzan Jamus Magdeburg. Ranar 26 ga Agustan 1914 ya kafe cikin hazo a tsibirin Odensholm, gaɓar Istoniya ta yau. Rashawa suka samu littattafan sirrin saƙonnin rundunar, suka miƙa wa Ingila kwafi guda. Da shi ofishin nan na Landan da ake kira Ɗaki na 40 ya riƙa karanta saƙonnin Jamus. Asarar jirgin kanta ba ta kai ta littafin ba.

Ɗan Fagge: To ku zo kan Königsberg, tunda shi ne namu na Afirka.

Ɗan Damagaram: Shi kam labarinsa na Baba ne tsantsa. Kyaftin Max Looff ya fice daga Darussalam kafin a rufe shi, ya kama City of Winchester a mashigin Adan ranar 6 ga Agusta, daga nan neman kwal ya hana shi sakat. 20 ga Satumba da asuba ya shiga Zanzibar ya tarar da Pegasus a tsaye ana gyaran tukwanensa, ya ragargaza shi daga nesa. Ku lura, Pegasus inci 4 gare shi kuma harbinsa bai ma isa ba, wato ba kowane jirgin Ingila ne mai inci 6 ba. Bayan nan injin Königsberg ya ba da matsala, ya shige bakin kogin Rufiji ya ɓuya cikin surƙuƙin itatuwan fadama. Sassan da suka lalace sai ta ƙasa aka ja su zuwa Darussalam aka gyara aka dawo da su. Kafin a gama, Chatham ya gano shi, Dartmouth da Weymouth suka iso, aka nutsar da jirgin Newbridge a ɗaya daga bakunan kogin don a toshe. Jirgin da aka aiko daga Jamus da kwal da harsasai, Hyacinth ya tare shi a mashigin Manza a Afrilun 1915. Shi ke nan, ba fita.

Manyan jiragen Ingila ba sa iya shiga saboda rashin zurfi. Sai da aka jawo Mersey da Severn tun daga Malta, wasu faffaɗan jirage da aka ƙera wa Barazil domin kogi, waɗanda ba sa nutsewa ko mita 2 a ruwa. Jirgin sama na shawagi yana faɗa musu inda harsashi ya faɗi. Sun gwada ranar 6 ga Yuli bai yiwu ba, suka dawo ranar 11 suka gama da shi.

Sarkin Gardama: Da igwa mai inci nawa? A faɗa wa jama'a.

Ɗan Damagaram: Shida, ranka ya daɗe. Amma jirgin da ya yi wata 9 a cikin taɓo, zazzaɓin cizon sauro na cin mutanensa, ko da gwafa ka zo ai ka same shi.

Malamar Tarihi: Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya a labarin Königsberg shi ne yadda ake ba da shi kamar Turawa ne kaɗai a wurin. Wa ya ja sassan injin nan a daji zuwa Darussalam? Ɗaruruwan 'yan Afirka. Da aka ciro igwoyinsa 10 daga gawar jirgin aka yi musu ƙafafu, suka zama manyan bindigogin Lettow-Vorbeck, kwamandan Jamus a Gabashin Afirka, wa ya riƙa jan su da igiya a kan tudu da kwari har 1917? Su ne dai. A ɗaya ɓangaren kuma akwai namu. Birged ɗin Nijeriya ƙarƙashin Janar Cunliffe, wanda Hausawa ke da yawa a cikinsa, ya sauka Darussalam a ƙarshen 1916, aka tura shi yankin Rufijin nan. Damina ta yanke hanyoyi, yunwa ta yi musu mugun kamu a farkon 1917, sannan a watan Oktoba suka sha wuta a Mahiwa. Igwar da kuke rainawa a teku, a kan tudu ita ce dodo. Har yau akwai ɗaya a Mombasa gaban Fort Jesus, ɗaya a Pretoria, ɗaya a Jinja ta Yuganda.

Haka ma von Müller da ake ta yabo. Gaskiya ne yana kwashe mutane kafin ya nutsar da jirgin kasuwa, yana kuma sallamar su lafiya, abokan gabarsa ma sun shaida. Amma daren 22 ga Satumba da ya harba wa tankokin mai na Madras wuta, mutanen gari ne suka kwana cikin firgici suna tserewa. A Penang kuma, 28 ga Oktoba, da bututun hayaƙi na ƙarya ya shiga, na huɗu, don a ɗauka jirgin Ingila ne, ya nutsar da Zhemchug na Rasha mutanensa na barci.

Ɗan Zongo: Malama, a ba mu labarin waɗanda aka bari a tsibiri mana, na ji an ce har Jidda sun je.

Malamar Tarihi: Sun je. Mutum wajen 50 ne ƙarƙashin von Mücke, waɗanda aka sauke su fasa tashar waya. Suna ji suna gani aka cinye jirginsu. Suka ɗauke wani tsohon jirgin filafilai mai suna Ayesha, suka kai Padang a Sumatra, daga baya suka koma wani jirgin kasuwan Jamus, Choising, ya sauke su kusa da Hudaida ta Yaman a Janairun 1915. Suka hau har San'a, suka dawo gaɓa, suka bi Bahar Maliya a jiragen Larabawa, sannan a kan raƙuma. Dab da Jidda Badawiyyai suka yi musu ƙawanya kwana da kwanaki, sai da Abdullahi ɗan Sharif Husaini na Makka ya iso aka buɗe musu hanya. A Al-Ula suka hau jirgin ƙasan Hijaz, suka isa Santambul a watan Mayu.

Sarkin Gardama: Tunda an zo Santambul, ga Breslau, wani ƙaramin kuruzan Jamus. Shi ma a waje yaƙi ya same shi, a Bahar Rum, amma ya rayu har 20 ga Janairun 1918 da ya taka nakiyoyi kusa da Imbros. Kuma shi ma sai da aka musanya masa igwa zuwa 15.

Baba Injiniya: Ka kawo min hujja da hannunka. Me ya raba Breslau da sauran? Ya sami gida. Turkawa sun karɓe shi tare da babban jirgin yaƙi Goeben, suka sa masa suna Midilli, ya sami tashar gyara da kwal ɗin Zonguldak. Shekara uku da rabi yana shiga Bahar Aswad yana fita, ya taka nakiya a 1915 aka gyara shi ya koma aiki. Da Emden ne ya taka wannan nakiyar a tekun Indiya fa?

Ɗan Fagge: Baba, na ji ta Breslau, amma ina nan kan bakata game da Kokos. Harsasan Emden sun sami Sydney fiye da sau goma. Da masu kilo 45 ne, da Glossop bai koma gida yana labari ba.

Ɗan Damagaram: Saura Dresden ba a taɓa ba. Shi kaɗai ya tsere a Falkland, kuma shi ne mai tarbin a ajinsu, ɗan'uwan Emden. Ya yi wajen wata 2 yana ɓuya a lungunan ruwan Tierra del Fuego. Da ya fito, saƙon da ya aika yana neman jirgin kwal ne Ingilishi suka tsinta. Ranar 14 ga Maris 1915 Kent da Glasgow suka same shi a tsibirin Más a Tierra na Chile, ya yi anga, rumbunansa sun kusa zama wayam. Ruwan 'yan ba-ruwanmu ne amma suka buɗe wuta. Wani ƙaramin hafsa, Wilhelm Canaris, wanda daga baya ya shugabanci leƙen asirin sojan Jamus zamanin Hitila, shi aka tura a kwalekwale ya ja su da magana har aka gama dasa nakiya a cikin jirgin.

Sarkin Gardama: A rubuta: Emden na igwa, Leipzig na igwa, Nürnberg rabi da rabi.

Baba Injiniya: Nürnberg ba rabi ba ne, nawa ne sukutum. Leipzig ma sai mun zauna, don harsasansa ne suka ƙare tun bai nutse ba, ya ɓarar da da yawa a faɗan Coronel da Ingilishi a gaɓar Chile kuma ba inda zai ƙaro. Bari in yi sallar la'asar in dawo maka.